Yadda Ake Fenti Da Shirya Hular Kwanon Sojojin Laima Na Birtaniya Ta Fito Kamar Ta Lokacin Yaƙi

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu da ke haɗa kayan sojan Yaƙin Duniya na Biyu, walau don taron kwaikwayon tarihi, ko fim, ko baje koli: mene ne ainihin launin hular kwanon sojojin laima na Birtaniya? Wannan ya ce kore ce, wancan ya rantse ruwan ƙasa ce. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Launin fentin sojan Birtaniya ya sauya a tsakiyar yaƙin, ƙirar hular ma ta sauya, don haka amsar tana rataye ne da shekarar da kake son nunawa. Ga aikin daki-daki.

1. Tsayar da shekara kafin ka sayi komai

Sunan hular a takardun soja shi ne Helmet, Steel, Airborne Troops, masu tara kayan tarihi kuma suna taƙaita shi da HSAT. Da wannan sunan za ka neme ta wajen dillalai. Kwanonta zagayayye ne mai zurfi, ba shi da faffaɗan leɓe irin na hular sojan ƙasa, don kada iska ta fizge shi ko igiyar laima ta sarƙe a lokacin dira.

Iri uku ne suka shafi yawancin masu wannan aiki. Ta farko ita ce ta 1942, mai kaurin zobe na matsattsen kwali a bakinta da maɗaurin baƙar fata. Ita ce ta dace da Tunisiya a Nuwamba 1942 da Sisili a Yuli 1943. Ta biyu ta 1943 ce: an cire zoben kwalin an sa siririn zoben ƙarfe mara tsatsa, maɗaurin fatar yana nan. Ta uku, wadda ake kira Mk II, bakinta na ƙarfe ne, amma maɗaurinta na saƙaƙƙen zare ne ruwan kaki, ya kama kwanon a wuri uku, gefe biyu da ƙeya. Ita ce ke ƙara yawa daga 1944 zuwa ƙetaren kogin Rhine a ranar 24 ga Maris 1945.

Ƙa'idar ita ce tsohuwa tana iya tafiya gaba, sabuwa ba ta komawa baya. Ba a karɓe tsofaffin huluna daga hannun sojoji ba don an fito da sabbi, shi ya sa a hotunan yaƙin Nomandi a Faransa da na Arnhem a Holan za ka ga iri-iri a cikin rukuni ɗaya. Mai maɗaurin fata da bakin ƙarfe ita ce ta fi sauƙin sha'ani, domin ta shiga Nomandi a Yuni 1944, ta shiga Arnhem a Satumba.

Gargaɗi: hular soso mai rufin ƙyalle da ake gani a hotunan horon dira ta makaranta ce, ba ta fagen daga ba. Haka kuma wanda ke son nuna sojojin Najeriya da suka yi yaƙin Bama, ciki har da bataliyoyin da aka kai ta jirgin sama tare da dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944, wannan ba hularsu ba ce. Malafar daji mai faɗin baki aka fi saninsu da ita.

2. Zaɓen kwano

Hanya uku ce. Akwai sabuwar ƙira ta kwaikwayo, ita ce mafi araha kuma ita ta dace da mai farawa. Akwai ta bayan yaƙi, domin Birtaniya ta ci gaba da ƙera Mk II a shekarun 1950 da bayansu, Beljiyam ma ta yi tata mai kama da ita. Wannan ta fi ta kwaikwayo kyan siffa da nauyi, fenti kawai take buƙata. Sai ta asali ta lokacin yaƙi, wadda mai zoben kwali a cikinta kan haura fam dubu na kuɗin Ingila.

Gargaɗi: kada ka sake wa ta asali fenti. Darajarta tana cikin tsohon fentin nan da kake ganin ya ƙoƙe, goge shi gyaran gangar auzinawa ne.

Duba abubuwa huɗu kafin ka biya. Na ɗaya, tsakar kwanon. Hular direbobin tankar yaƙi kwanonta ɗaya ne da wannan, amma kayan cikinta a tsakar kai suke kamawa. Ta laima ba ta da noti a tsakar kai, notocinta suna gefe. Idan ka haska fitila a ciki ka ga alamar an toshe rami a tsakiya, to juyayyiya ce. Ba laifi a yi wasa da ita, laifin a sayar maka da ita a kuɗin ta asali. Na biyu, maganaɗisu: ƙarfen lokacin yaƙi mai manganis ne, maganaɗisu ba ya kama shi sosai, na kwaikwayo kuwa yakan manne caraf. Na uku, tambarin da ke jikin fatar goshi, inda ake buga sunan kamfani da lambar kai da shekara. BMB, wato Briggs Motor Bodies na Dagenham, shi ne wanda aka fi gani. Na huɗu, girma. Auna kanka da tef ɗin tela a saman gira. Wasu na kwaikwayo ana yin su da ƙaton kwano guda don ya shiga kowa, sai mutum ya sa ta ya koma kamar an kifa masa tukunya, kuma babu fentin da zai gyara wannan.

3. Kayan aiki

Sukundireba mai faɗin baki da ƙaramar sifana, sanfefa lamba 120, 240 da 400, tina, gwangwanin feshi ɗaya mai mililita 400 na fentin shimfiɗa wanda ke kama ƙarfe mara tsatsa, fentin mai kamar mililita 250, buroshi mai faɗin inci ɗaya da wani tsoho mai taurin gashi, rariyar shayi, kofi ɗaya na rairayi, hodar jiki fara, tef ɗin takarda, raga, buhun algarara ɗaya, rini kore da ruwan ƙasa, takunkumin hanci da safar hannu.

Kuɗin yana tafiya ne a kan kwano da maɗauri. Duk sauran tarkacen nan in aka haɗa ba su kai kuɗin kwanon ba, kuma gwangwanin fenti ɗaya zai ishi hula huɗu ko biyar, don haka ku haɗa kuɗi ku dama launi sau ɗaya in kuna da yawa. Inda bai kamata a yi ƙoro ba shi ne maɗauri, domin shi ne ke kan fuska, shi ido ke fara gani.

4. Kwancewa da gogewa

Ɗauki hoton cikin hular ta kowane ɓangare kafin ka taɓa noti. Notocin da ke riƙe maɗauri su ne kuma ke riƙe kayan ciki, kuma jerin yadda aka ɗora su yana da sauƙin mantawa. Zuba kowane noti da ɗan zoben da ke ƙarƙashinsa a leda daban, ka rubuta dama, hagu, ƙeya.

Idan sabuwa ce, ba sai ka kankare ta har ƙarfe ba. Goge ta da lamba 240 har sheƙin ya mutu gaba ɗaya. Idan ta bayan yaƙi ce mai fenti hawa-hawa, fara da 120, ka bi da 240, ka cire tsatsa har sai ƙarfe ya yi fari. Wanke da tina, ka bar ta ta bushe, daga nan kada ka ƙara taɓa ta da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa.

Gargaɗi: tsohon fentin soja yana iya ƙunsar dalma. Jiƙa sanfefar da ruwa, ka sa takunkumi, kada ka ƙona fentin da wuta, kuma kada ka yi aikin a tsakar gida inda yara ke wasa. Mai zoben kwali kuwa a rufe zoben da tef kafin ruwa ya taɓa shi, domin yana shan ruwa ya kumbura.

Fesa fentin shimfiɗa sau biyu, sama-sama, daga nisan kamar taƙi ɗaya, mintuna goma sha biyar tsakani. Bar shi ya kwana, sannan ka shafe shi kaɗan da lamba 400.

5. Launi

Nan ne gardamar take, kuma nan ne aka fi ɓata aiki.

A farkon yaƙin, launin kayan sojan Birtaniya shi ne Khaki Green No. 3, kore ne mai ɗaukar ƙasa-ƙasa, kamar ɗanyar tafasa da ta fara yaushi. Wajen 1942 sinadarin da ake yin koren fenti da shi ya yi ƙaranci, sai aka koma ruwan ƙasa mai lamba SCC 2 a jadawalin launukan fenti na Birtaniya, BS 987C, launi ne irin na busasshen laka mai ɗan ja. A Afrilu 1944 aka fito da SCC 15, ruwan zaitun mai duhu, don kayan Birtaniya su yi kusa da na Amurka kafin mamayar Nomandi. An fi sanin waɗannan lambobi a jikin motoci da manyan makamai, amma su ne ma'aunin da za ka riƙe, domin hulunan da suka rage a gidajen tarihi a tsakanin waɗannan launuka suke yawo: wasu kaki mai kore, wasu ruwan ƙasa, wasu zaitun.

To wanne za ka ɗauka? Mai zoben kwali, kaki mai kore. Mai bakin ƙarfe da maɗaurin fata, kore ko ruwan ƙasa, duk ya yi. Mk II ta ƙarshen 1944 zuwa 1945, ruwan ƙasa ko zaitun. Umarnin sauya launi bai sa an tara huluna an sake musu fenti a rana ɗaya ba, ana cinye tsohon fentin da ke sito tukuna. Saboda haka rukunin mutum goma da suka fito da huluna launi ɗaya sak, kamar ankon biki, sun fi kauce wa gaskiya a kan waɗanda nasu suka ɗan bambanta.

Idan kana inda ake dama fenti da kwamfuta, nemi lamba 499 a jadawalin BS 381C don ruwan ƙasa, ko 298 don zaitun. Ba su ne na lokacin yaƙi ba, amma sun yi kusa, daga nan sai ka gyara. Idan da hannu za ka dama, fara da rawaya mai duhu irin ta ƙasa. Don zaitun, kashi shida na rawayar, ɗaya baƙi, ɗaya kore. Don ruwan ƙasa, kashi biyar na rawayar, biyu na jan fentin da masu walda ke shafa wa ƙofa, ɗaya baƙi. Wannan mafari ne kawai, domin ƙarfin launi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Baƙin a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa ba ya fita.

Shafa gwaji a murfin gwangwani, ka bar shi ya bushe sarai, ka duba shi a waje da hantsi. Fenti jiƙaƙƙe da busasshe ba launinsu ɗaya ba, kuma fitilar ɗaki tana yaudara.

Kurakurai huɗu ne ke maimaituwa a nan. Na farko, koren nan mai duhu da sheƙi da ake kira Deep Bronze Green, wanda ya yawaita a kayan sojan bayan yaƙi. Na zaman lafiya ne, wanda ya san abin zai gane shi daga nesa. Na biyu, ɗaukar launi daga hoton da aka yi wa kala da kwamfuta. Yawancin hotunan yaƙin baƙi da fari ne, kalar da ka gani zaɓin wanda ya yi aikin ne. Na uku, kwaikwayon hular gidan tarihi yadda take a yau. Fentinta ya shekara tamanin yana shan hayaƙi da maiƙon hannu, ya yi duhu. In ka samu dama ka duba ta asali, leƙa cikin kwanon ƙarƙashin soso, inda haske bai taɓa ba, can ne launin gaskiya yake. Na huɗu shi ne sheƙi. Launin da ya ɗan kauce amma ba ya ƙyalli ya fi launin da ya yi daidai yana walƙiya. Idan fentin da ka samu mai sheƙi ne, kamar yawancin fentin mai na kasuwa, zuba cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na hoda a kowane mililita 100, ka dama sosai, ka sake gwaji.

6. Kaushi da shafa fenti

Bayan hular yana da kaushi don kada ya mayar da hasken rana, cikinta kuwa sumul yake. Fara da ciki: shafi ɗaya ko biyu ba yashi.

Tace rairayin da rariyar shayi, ka wanke shi har ruwan ya fito garau, ka shanya ya bushe ƙarau. Yashin da ba a wanke ba yana ɗauke da gishiri da laka, shi ne ke sa tsatsa ta ɓullo daga ƙarƙashin fenti bayan damina ɗaya.

Yi shafin farko a baya ba yashi, ka bar shi awa 24. A shafi na biyu zuba babban cokali ɗaya, ba tozo, a mililita 100. Ɗauki tsohon buroshin nan ka riƙa dangwalawa a tsaye, kada ka ja, ja yana tara yashi layi-layi. Dama fentin duk bayan dangwale uku ko huɗu domin yashi yana kwanciya a gindi. Fara daga tsakar kai ka gangaro. Kifa kwanon a kan gwangwanin madara babba don ka riƙa juya shi ba tare da ka taɓa ba. Bayan awa 24, bi da shafi na uku mai ruwa-ruwa, ba yashi, shi ne zai ɗaure ƙwayoyin kada su riƙa zuba.

Ma'aunin kaushi: in ka shafa tafin hannu ya ji kamar sanfefa mai matsakaicin kaushi, ya yi. In ya yi kama da yaɓen bango, ya wuce, sai ka bari ya bushe ka rage shi da 120 ka sake shafin sama.

Gargaɗi: kada ka shanya ta a tsakiyar rana. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, saman fentin ya bushe cikinsa ɗanye, sai ya yi ƙuraje ko ya yamutse. Inuwa mai iska, kuma in lokacin hunturu ne a kifa kwali a kai saboda ƙura. Ba ta mako guda cur kafin raga ta hau, in ba haka ba zanen ragar zai kwanta a jikin fentin.

7. Mayar da kayan ciki da maɗauri

Bi hotunan da ka ɗauka. Kada ka matse noti ɗaya har ƙarshe sai dukkansu sun shiga. Ɗiga ɗan fenti a kan kowane noti daga waje don kada ya yi ƙyalli. Igiyar da ke tsakiyar gammon ciki ita ke ƙayyade zurfin zaman hular: matse ta hular ta ɗaga, sassauta ta sauko. Bakin ya tsaya kamar yatsa ɗaya a saman gira, a miƙe, ba a ture ƙeya ba.

Maɗaurin fata baƙi ne, a shafa masa man takalmi kaɗan a murza shi da hannu ya yi laushi. Na zare sabo yakan zo da haske kamar sabon buhu. Wanke shi da ruwan ɗumi sau biyu, in kana da Blanco, wato garin da sojojin ke shafa wa ɗamararsu, ka shafa masa irin wanda ke jikin sauran kayanka. Kofin haɓar ya zauna a kan haɓa sosai, ba a maƙogwaro ba.

8. Raga da tsummoki

Gaskiyar magana, a hular 1944 wannan matakin ya fi fenti tasiri, domin shi ke rufe yawancin kwanon.

Ragar ta auduga ce mai ƙananan idanu, kore ko ruwan ƙasa. Akwai kuma ta Kanada, rabi kore rabi ruwan ƙasa. Guji ta leda: ƙona ɗan zare ka gani, auduga takan zama toka, leda takan narke ta dunƙule. Jiƙa ragar, ka ɗora a tsakiya, ka ja ta ƙarƙashin baki, ka tsuke igiyarta a ciki. Tana bushewa za ta ɗame. Raga mai lilo tana ɓata siffar kwanon.

Wanke buhun algarara, ka yanka shi tsiri-tsiri, faɗin santimita 5, tsawon 15 zuwa 25. Raba uku: kaso ɗaya rinin kore, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya a bar shi yadda yake. Rini za ka yi, ba fenti ba, fenti yana sandarar da shi. Cusa kowane tsiri ta ido biyu ko uku na ragar, ka bar bakinsa biyu suna reto, ka ɗan warware zaren bakin. Tsiri 15 zuwa 25 sun isa. Kada ka jera su da tsari, kuma ka bar wasu su sauko su karya layin bakin hular, aikinsu ke nan, su ɓatar da zagayen kai. Gaban ido dai a bar shi fili.

Yawan tsummar ya danganta da inda ka zaɓa. Sojojin Runduna ta 6 ta laima da suka dira Nomandi daren 6 ga Yuni an san su da cika hula da tsumma. A Arnhem, cikin mutanen Runduna ta 1, za ka ga mai tsumma, da mai raga zalla, da mai kwano tsirara. Hotunan da Saje Dennis Smith da Saje Mike Lewis suka ɗauka a can suna cikin taskar gidan tarihin yaƙi na Birtaniya, Imperial War Museum, ana iya duba su ta intanet. Zaɓi soja ɗaya a hoto ɗaya ka bi nasa, ya fi ka tattaro abu daga hotuna goma.

Gargaɗi: busasshiyar algarara tana kama wuta nan take. Nesa da sigari, murhu, da tartsatsin harsashin wasa.

9. Tambari

Mafi yawan hulunan ba su da komai. Dokin nan mai fukafuki, Pegasus, a hannun riga yake, bajen rejimanti kuma a kan jar hular ulu. Sanya su a jikin kwano kuskure ne. Abin da aka tabbatar shi ne mikiya ruwan ɗorawa a goshin hular dakarun Folan na Janar Sosabowski, da jan kuros a cikin farin da'ira ga wasu ma'aikatan jinya. Rubuta suna da alƙalami a fatar ciki ya dace. Buga tambarin kamfani da shekarar yaƙi a jikin ta kwaikwayo kuwa, gobe wani za a damfara da ita.

10. Tsufa da gwajin ƙarshe

Hular da kake nunawa shekara ɗaya ko biyu ta yi a hannun soja, ba tamanin ba. Babu tsatsa, babu ramuka. Inda fenti ke fara tashi shi ne zoben baki, domin ƙarfe mara tsatsa ba ya riƙe fenti, sai tsakar kai inda ake kifa ta a ƙasa. Goga lamba 400 a wurare kaɗan a bakin har ƙarfe ya ɗan leƙo. Sirka ɗigon fenti ruwan ƙasa mai duhu da tina mai yawa, ka shafa, ka goge da tsumma nan take, sauran zai maƙale a tsakanin yashin. Barbaɗa busasshiyar ƙasa a kan raga da tsummokin ka kakkaɓe. Ya isa haka.

Sa ta da sauran kayan, wani ya ɗauke ka hoto a waje daga nisan taku biyar, ka mayar da hoton baƙi da fari, ka ajiye shi gefen na asali. Idan akwai farin tabo a saman kwanon, sheƙi bai mutu ba, a ƙara shafi mai hoda. Idan tsummokin sun fi fuska haske, a mayar da su rini.

Gargaɗi ga wanda ke Najeriya: doka ta hana farar hula yawo da kayan soja, kuma jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya tantance 1944 da bana ba. Ɗauki hular a cikin jaka, a sa ta a wurin wasa kawai, masu fim kuma su riƙe takardar izininsu a hannu.

In ruwa ya dake ta, cire raga ka shanya daban, kada ta kwana a jiƙe a kan ƙarfe. Kada kuma a bar hular a cikin mota a rufe da rana, zafin yana sa sosan ciki ya narke ya yi danƙo ko ya bushe ya farfashe, kuma sauya shi sai an sake kwance notocin gaba ɗaya.